Yadda Gwanin Jaz Zai Horar da Makaɗan Sakandare Cikin 'Yar Gajeriyar Ziyara

A Amurka makarantun sakandare da yawa suna da ƙungiyar kiɗan jaz ta ɗalibai, kuma an daɗe ana gayyato ƙwararrun makaɗa da mabusa, mutanen da ke cin abinci da wannan sana'a, su shigo aji su yi aiki da yaran. A 1959 Stan Kenton, shugaban wata babbar ƙungiyar jaz, ya fara koyar da matasa a sansanin horo na hutun bazara a Jami'ar Indiana. A 1964 Billy Taylor, gwanin fiyano, yana cikin waɗanda suka kafa Jazzmobile a unguwar Harlem, inda ake kai kiɗan kan titi, daga baya kuma aka buɗe azuzuwan ranar Asabar. Yau akwai Jazz at Lincoln Center a birnin Niyok, da Herbie Hancock Institute of Jazz, da Jazz House Kids da Melissa Walker ta kafa a jihar New Jersey a 2002, da shirin ilimi na bikin jaz na Monterey a Kalifoniya. Dukansu suna tura gwanaye makarantu.

Wannan jagorar taka ce, kai gwanin da aka gayyata, kuma malamin da ya gayyace ka ma zai tsinci nasa a ciki. Abu ɗaya za ka riƙe tun daga farko: baƙo raɓa ne. Awa ɗaya ko biyu za ka yi ka ɗauki jakarka, malamin kiɗan makarantar shi ne zai wayi gari da yaran gobe da jibi. Saboda haka duk abin da za ka koyar ya zama wanda malamin zai iya ci gaba da shi ba tare da kai ba.

Kafin ka taka makarantar

Ka kira malamin kiɗan aƙalla mako biyu kafin ranar. Ka nemi ya turo maka sautin bitar yaran da ya ɗauka, ko da waya ce, tare da takardun kiɗan da suke kai. Sautin bita nake nufi, da kurakuransa, domin wanda aka gyara don gasa ba zai gaya maka gaskiya ba. Ka tambaye shi yawan yaran da abin da kowa ke busawa ko kaɗawa. Cikakkiyar babbar ƙungiya tana da masu saksofon biyar, masu ƙaho huɗu, masu turombon huɗu, sai mai fiyano, mai bes (babban abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin sauti), mai ganguna da mai jita, mutum 17 ke nan. Amma a makaranta kana iya tarar da masu saksofon tara da mai turombon ɗaya tak, ko kuma babu mai bes sam, wata yarinya ce ke danna sautin bes ɗin a kan fiyanon lantarki. Gara ka sani tun kana gida.

Ka tambayi tsawon lokacin. Darasi a makarantu da yawa bai wuce minti 45 zuwa 50 ba, wasu kuma suna da na minti 90. Ƙungiyoyin jaz da dama da sassafe suke haɗuwa, kafin a shiga aji, lokacin da leɓɓan masu ƙaho ba su gama farkawa ba. Sannan ka yi masa tambayar da ta fi kowace muhimmanci: "Malam, mene ne abin da ka daɗe kana gaya musu ba su ji ba?" Sau da yawa rabin aikinka shi ne ka maimaita maganar malamin da bakin baƙo.

Maganar kuɗi da takardu a gama ta tun yanzu. A rubuta ladan aikin, da wanda zai biya, ko makaranta ce, ko ƙungiyar iyaye, ko cibiyar da ta turo ka. Makarantun Amurka kan binciki tarihin duk babban da zai yi aiki da yara, wasu har da ɗaukar hoton yatsu, kuma hakan yana cin lokaci. Ka'idojin ba su da wuya: ba ka keɓewa da ɗalibi ku biyu a ɗaki, ba ka karɓar lambar wayar yaro, saƙo ta hannun malami yake bi, hoto da bidiyo kuma sai da izinin iyaye.

Minti goma na farko

Ka iso da wuri, ka gaisa da yaran suna shigowa, ka fara kama sunaye. Da an zauna, ka ce su buga waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe, kada ka tsayar da su ko da komai ya wargaje. Kai kuma kada ka tsaya a gaba kamar alƙali. Ka zaga. Ka tsaya bayan mai ganguna ka ga ƙafarsa ta hagu, ka rusuna kusa da mai saksofon ta biyu ka ji ko busawa take da gaske ko yatsu kawai take motsawa. Ka duba ɗan siririn karan da ke ɗaure a bakin saksofon: a makaranta za ka ga wanda ya tsage, ya yi baƙi, yaro yana ta fama da shi wata da watanni yana zaton shi ne bai iya ba. Ka zo da sababbi a aljihu, da ɗan man shafa wa maɓallan ƙaho.

Ka duba zaman ma. Masu saksofon a gaba, masu turombon a bayansu, masu ƙaho a can baya, kuma jagaban kowane sashe ya kasance a tsakiya, su uku a layi ɗaya, domin su ji juna. Mai bes ya tsaya dab da faifan tagullan da mai ganguna ke kaɗawa da hannun dama. Sau tari matsar da lasifikar bes taku biyu yana gyara abin da dogon bayani ba zai gyara ba.

Akwai jarabar da ke kama gwanaye a nan: mutum ya zaro ƙahonsa ya yi minti goma yana nuna bajinta. Yaran za su tafa, su kuma yanke a ransu cewa wannan abu ba nasu ba ne. Ka busa, tabbas, domin jin sautin ƙwararre daga taku uku darasi ne da kansa, amma ka busa abin da za su iya kwaikwaya kafin a tashi.

Daga abin da ka ji, ka zaɓi matsala biyu, in ta yi yawa uku. Sauran ka rubuta wa malami.

Fara da masu riƙe bugu

Kusan kullum matsala ta farko tana wurin mutum huɗun nan: ganguna, bes, fiyano da jita. Malaman kiɗa da yawa a makarantun Amurka mabusa ne da suka taso a badujalar makaranta da kiɗan gargajiyar Turai, don haka wannan sashen shi ne suka fi rashin sabo da shi. Nan ne zuwanka zai fi amfani, kuma nan ya kamata ka ɗan daɗe.

Ka sa kowa ya yi shiru in ban da mai bes da mai ganguna. Kowace gaɓa ta kiɗan tana da bugu huɗu. Mai bes zai ja sauti ɗaya a kan kowane bugu, yana tafiya ɗaya-biyu-uku-huɗu ba tsayawa, kowane sauti ya kai ga na gaba ba tare da rami a tsakani ba. Mai ganguna ya ajiye duk wata ƙawa, ya kaɗa bugu huɗun nan kawai a kan babban faifan tagulla, ƙafarsa ta hagu kuma tana haɗe ƙananan faya-fayan nan biyu a kan bugu na biyu da na huɗu. Su kalli juna. Ka bar su a haka minti biyu cur, har sai yatsan mai bes da sandar mai ganguna sun riƙa sauka lokaci guda. Yaran za su ga kamar ka raina su. Ka bari, domin lokacin da abin ya haɗu za ka ga kawunan masu turombon sun fara rausaya ba wanda ya sa su.

Sai ka sa sauran ajin su tafa a kan biyu da huɗu. Da yawa za su zame su koma ɗaya da uku. Ka sa su miƙe, ƙafa tana taka dukkan bugu huɗu, hannu yana tafa biyu da huɗu, har jiki ya karɓa.

Mai fiyano da mai jita kan cika wuri da yawa, kowa yana danna duk abin da ke kan takarda a lokaci guda, sai sautin ya zama taɓo. Ka raba musu aiki. Mai jita ya saurari Freddie Green, wanda ya shafe kusan shekara 50 a ƙungiyar Count Basie daga 1937 yana kaɗa bugu huɗu a kowace gaɓa, a hankali, ana jin sa a jiki fiye da a kunne. Mai fiyano ya saurari Basie kansa, wanda ya shahara da barin fili, ya danna sauti biyu ko uku ya janye hannu. In ba su iya haɗuwa ba tukuna, su riƙa karɓa-karɓa: wannan ya raka mai solo na farko, wato wanda ke ƙirƙirar nasa kiɗan shi kaɗai, wancan ya raka na biyu.

Mai ganguna kuma kusan kullum ƙara ta yi masa yawa. Kada ka ce masa ya rage kawai. Ka tambaye shi ko yana jin mai bes. In ya ce a'a, ka ce ya yi ta saukowa har sai ya ji.

A kife takarda

Takardar kiɗan jaz ba ta faɗin gaskiya duka. Sautuka biyu da aka rubuta da tsawo ɗaya, a suwing, wato salon rausayar bugun jaz, na farkon ya fi tsawo, na biyun gajere ne kuma shi ake ɗan dannawa, sannan bambancin yana raguwa idan kiɗan ya yi sauri. Babu alamar rubutu da za ta koya wa yaro wannan. Kunne ne ke koyarwa.

Don haka ka zo da lasifika mai kyau da ainihin faifan waƙar da suke bita. Ka tambayi wanda ya taɓa sauraron sa, za ka sha mamakin ƙarancin hannuwa. Ka sa gaɓa takwas kawai, sau uku. A karo na farko su saurari bes, a na biyu su saurari nasu sashen, a na uku su rera tare da faifan. Daga nan su rera ba faifai, da bakinsu, "du-ba-du-dat", sannan su ɗauki kayan busa. Abin da yaro bai iya rerawa ba, ba zai iya busa shi daidai ba. Clark Terry, mai ƙahon da ya yi aiki da Basie da Duke Ellington, manyan shugabannin ƙungiyoyin jaz, ya shahara da koyar da cewa matakan uku ne: ka kwaikwaya, abin ya zauna a jikinka, sannan ka ƙirƙiro naka.

Shirin Essentially Ellington na Jazz at Lincoln Center, wanda aka kafa a 1995, a kan wannan tunani ya ginu. Takardun da yake raba wa makarantu kyauta an rubuto su ne daga faya-fayan Ellington na ainihi, daga baya aka ƙara ayyukan irin su Benny Carter da Mary Lou Williams. Ellington ba ya rubuta wa "mai saksofon" kawai, yana rubuta wa mutum ne da sautinsa, kamar Johnny Hodges ko Harry Carney, wanda ya riƙe babbar saksofon a ƙungiyar daga 1927 har 1974. Ka gaya wa yarinyar da ke zaune a kujerar babbar saksofon sunan mutumin da aka rubuta wa layin da take busawa, ka ba ta aikin sauraron sa. Wannan ya fi gyara ashirin.

Ga mabusa, abubuwa uku ne ke saurin canza sautin ƙungiya: su ja numfashi tare, su bi jagaban sashensu a tsawon sauti da ƙarfinsa, su kuma yanke dogon sauti a bugu ɗaya da aka amince da shi. Ka sa su rubuta wurin yankewar da fensir. Ka lura da jagaban masu ƙaho, domin leɓensa yana gajiya. Kada ka sa shi maimaita wuri mai tsananin tsawo sau goma, ya busa shi ƙasa-ƙasa a lokacin bita.

In waƙar tana buƙatar gurnanin nan na ƙaho da turombon da aka san Bubber Miley da Tricky Sam Nanton da shi, ka nuna musu kayan aikin: robar da ake zuƙe toshewar bututun banɗaki da ita ce, an cire mata sanda, ana rufe bakin ƙaho ana buɗewa da hannun hagu. Yara suna dariya idan suka gane ta, kuma daga dariyar sai kowa ya so gwadawa.

Ƙirƙira nan take

Nan ne tsoro yake. A yawancin ƙungiyoyin makaranta yara biyu ko uku ne ke yin solo, sauran sun sunkuyar da kai kada ido ya haɗu. Idan ka ce "wa zai gwada?" waɗannan biyun ne za su sake ɗaga hannu. Don haka kada ka tambaya.

Ka fara da kira da amshi, kowa da kowa a tare. Wanda ya taɓa jin makaɗin fada da 'yan amshinsa ya san yadda abin yake: kai ka busa ɗan gajeren kari na gaɓa ɗaya a kan sauti ɗaya tak, su mayar maka yadda ka yi. Ka ƙara sauti na biyu. Tunda duk a tare suke, ba wanda ke jin kunyar kuskure. Bayan 'yan mintoci sai ka juya abin: ka busa tambaya, su ba da amsar da suka ga dama, har yanzu a tare. Hayaniya za ta tashi, ba laifi.

Sannan ka kawo buluz, tsarin gaɓa 12 da ke zagayowa. Waƙar Ellington mai suna C Jam Blues ta 1942 ta dace da wannan aiki domin karinta sauti biyu ne kacal, G da C, kuma ana koyon sa da kunne cikin minti biyu. Ka tuna kayan busa ba su kiran sauti da suna ɗaya: abin da fiyano da turombon ke kira G da C, ƙaho da saksofon tena A da D ne a wurinsu, saksofon alto da babbar kuma E da A. Ka faɗi wannan tun farko, in ba haka ba za ka ɓata minti biyar a ruɗani.

Yanzu a bi layi, kowa gaɓa huɗu, daga wannan kujera zuwa waccan, ba tsallake, ba tsayawa. Gaɓa huɗu ba ta kai a mutu don tsoro ba, kafin yaro ya firgita an wuce shi. Dokar ita ce sauti biyu ko uku kawai, amma da bugu mai kyau, kuma dole a bar ɗan fili a yi shiru. A ganina babban kuskuren da ake yi wa masu farawa shi ne a jibga musu jerin sautuka bakwai ko takwas a kan allo a ce su zaɓa. Sai su yi ta hawa da sauka a kan jerin kamar masu karanta jadawali, ba magana a ciki. Ilimin jituwar sautuka yana da ranarsa, kuma malaminsu zai iya koyar da shi a hankali cikin zango.

Ka lura da 'yan mata. A ƙungiyoyi da yawa ba su da yawa, kuma sukan bar wa maza solo. Bin layi yana maganin wannan ba tare da an nuna kowa da yatsa ba. A cikin faya-fayan da za ka ba su kuma ka sa Mary Lou Williams da Melba Liston, mai turombon kuma gwanar tsara kiɗa, ba tare da ka yi wa'azi a kai ba.

Yadda ake gyara

Gyara ɗaya a lokaci ɗaya, a buga, a ji bambanci, sannan a wuce. In maganarka ta wuce minti ɗaya ba a busa komai ba, ta yi tsawo. Yabo ya zama na takamaiman abu: "Yadda kika jira bugu biyu kafin ki shigo, shi ne ya sa layin ya yi daɗi." Yara suna gane yabon fatar baki.

Kada ka taɓa ƙaryata malami a gaban ɗalibansa. In ya koya musu abin da kake ganin ba daidai ba ne, ka ce, "Mu gwada wata hanya mu ji," maganar gaskiya kuma ku yi ta ku biyu bayan an tashi. Ka roƙe shi ya zauna a ɗakin da fensir a hannu. Malamin da ya ɗauki zuwanka a matsayin hutu ya tafi ofis ya yi asarar kuɗin makarantar. Tarihin jaz ma ya nuna inda nauyin yake: Kyaftin Walter Dyett a makarantar DuSable ta Shikago ya yaye irin su Gene Ammons, Johnny Griffin da Von Freeman, Ellis Marsalis kuma ya koyar da Terence Blanchard da Harry Connick Jr. a makarantar fasaha ta New Orleans. Waɗannan malamai ne na kullum, masu shekaru a aji ɗaya.

Ka ware minti biyar na tambayoyi. Za su tambayi nawa kake samu da yadda ake rayuwa da kiɗa. Ka faɗi gaskiya, har da koyarwa da tafiye-tafiye da watannin da aiki ke ƙaranci. Wani yaro kuma zai tsaya bayan kowa ya fita, yana jujjuya akwatin ƙahonsa. Ka ba shi lokaci, malami yana wurin. Quincy Jones yana matashi a birnin Seattle, inda ya yi makarantar Garfield, haka ya maƙale wa Clark Terry har Terry ya koya masa busa, kuma a 1959 Terry ya bar ƙungiyar Ellington ya shiga ta Jones.

Abin da za ka bari, da komowa

Kafin ka kwanta a ranar, ka rubuta wa malamin shafi ɗaya: abubuwa biyu ko ukun da kuka yi aiki a kai, atisayen minti biyar na kowanne da zai riƙa buɗe bita da shi, da faya-fayai biyar, kowanne da sunan ɗalibin ko sashen da zai saurare shi da abin da za su nema a ciki. Sauran matsalolin da ka gani ka jera su a ƙasa bisa muhimmanci.

In makarantar tana son shiga gasa, ka taimaka wajen zaɓen waƙoƙin da suka yi daidai da ƙarfin yaran. A Essentially Ellington makarantu kan aika sautin waƙoƙi uku, alƙalai su saurara ba tare da sanin sunan makaranta ba, su mayar da sharhi a rubuce. Shekaru da dama ƙungiyoyi 15 aka riƙa zaɓa su je Niyok a watan Mayu, kuma kowacce ana tura mata gwani har makarantarta kafin tafiyar. Makarantun Garfield da Roosevelt na Seattle sun sha lashe ta. Ga mafi yawan makarantu dai sharhin alƙalan shi ne ribar, kuma waƙa mai sauƙi da aka buga da suwing ta fi mai wuya da aka tsallake da ƙyar.

Ka nemi a sa ranar ziyara ta biyu tun kafin ka bar harabar, bayan mako huɗu zuwa shida. A tsakani malamin ya turo maka sautin bita sau ɗaya, ka amsa da gajeren saƙon murya da zai kunna wa ajin. Ranar da ka dawo, ka fara da waƙar da suka buga maka a karon farko, a ɗauki sautinta, sannan a kunna tsohon sautin da sabon a jere, yaran su faɗi da bakinsu abin da ya canza kafin kai ka ce komai. In mai bes da mai ganguna sun riƙe juna, ka shiga aikin mabusa da solo mai gaɓa 12 cikakku. In sun sake rabuwa, ka sa sauran su ajiye kayan busa, a koma bugu huɗun nan na minti biyu.